Cokali Ɗaya a Kan Burodin Malam

Ƙofar Marusa,
Katsina.

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yayanku da iyalinshi baki ɗaya. Ya gajiyar hanya, ya baƙunta, ya kuma sabon wurin aiki? Allah ya sa kin shiga Abuja a sa'a, ya tsare ki fita da shiga, ya haɗa ki da mutanen kirki. Mu nan muna lafiya, alhamdu lillahi. Babanki yana gaishe ki, Goggo Asabe ma ta ce in gaishe ki da kyau.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan kya ji a bakin masu zuwa. Maganar da ta sa na ɗauki biro ita ce wadda na kasa yi maki kafin ki tafi. Tun ranar da kika dawo daga asibiti da sakamakon gwajin da aka ce sai kin yi kafin a ɗauke ki aiki, kika zauna bakin gado kika ce likita ya ce suga ɗinki ya hau, ban ƙara ganin kin ci abinci da daɗin rai ba. Shayi kika daina sha, tuwo sai ki taɓa ki ture. A tasha na so in ja ki gefe, amma ga mutane, ga kwandasta yana kiran fasinja, ni kuma kin san bakina da nauyi yake a gabanku. Yanzu ga shi matar Yayanku ta aiko cewa tun da kika isa ba ki cin komai sai kwaɗon zogale da ruwa, har kin fara ramewa.

Ki saurare ni, Ummi. Na daɗe ina zaune da wannan ciwo a cikin gidan nan. Lokacin da ya kama Babanki kina makarantar kwana, don haka ke kin tarar da mu ne bayan mun daidaita. Kin ga mutum yana karyawa cikin nishaɗi, yana fita yana dawowa, kin ɗauka haka abin ya fara. Ba haka ya fara ba. Na yi ta tuntuɓe kafin in gane hanya, kuma ba na so ki sake bin duk inda na bi.

Kin san Malam, Babanki, da zaƙi. Tun muna amarci, shayinshi sai cokali ya kusa tsayawa a ciki. Fura kuwa in ba a zuba sukari ba sai ya ce an kawo mashi ƙasa. Alkaki, nakiya, alewa, duk abokanshi ne. A shekarun nan na layin man fetur ne ya fara yawan ƙishirwa, yana ta zagayawa, rigunanshi suka yi mashi yawa. Goggo Asabe, da yake ita ma'aikaciyar jinya ce, kuma ƙanwarshi ce da ba ya iya yi mata musu, ita ta tasa shi gaba har asibiti. Likita ya rubuta mashi ƙwayoyi, ya ce ya rage zaƙi, ya rage yawan tuwo, ya riƙa tafiya da ƙafa. Abin da likita ya faɗa ke nan. Abin da ni na ji kuwa shi ne sukari zai kashe mani miji.

Ina dawowa gida na tattara duk wani abu mai zaƙi. Kwalin sukari na ba maƙwabta, zumar da ke cikin kwalba na aika wa Inna, dabino ma ban bari ba. Na koma dafa mashi tuwon alkama ɗan mitsitsi da miyar shuwaka, safe da yamma, mai ma sai in ɗiga kamar ina jin tsoronshi. Malam bai yi ƙorafi ba, ba halinshi ba ne. Sai dai ya ci loma biyu uku ya wanke hannu ya ce alhamdu lillahi. Ni kuwa ina murna, a ganina ƙarancin cin nan shi ne lafiya. Ƙwayoyin kuma yana sha a kan lokaci, don ni nake miƙa mashi.

Wata rana da hantsi yana zaure yana ɗinkin hularshi, na leƙa in tambaye shi kuɗin cefane, sai na ga allura ta faɗi ƙasa, hannunshi yana rawa, zufa ta jiƙa mashi riga sharkaf. Na kira shi, ya dube ni kamar bai san ni ba, maganar da ya yi ban gane ko kalma ɗaya ba. Allah da ikonshi, ranar Goggo Asabe tana hutu, ta biyo ta gidanmu za ta barka, tana tsakar gida ko mayafi ba ta cire ba. Tana ganinshi ta ce in kawo sukari da ruwa maza. Na tsaya ina kallonta. Ta sake faɗa. Na ce ai babu sukari a gidan nan, ko ƙwaya. Ban san lokacin da na faɗa gidan maƙwabta ba takalmi ba. Da ta jiƙa ta ɗura mashi kaɗan kaɗan, ba a jima ba ya dawo hayyacinshi, yana tambayar me ya tara mu a kanshi.

Bayan mun dawo daga asibiti Goggo Asabe ta zaunar da ni a ɗaki. Ba ta yi mani faɗa ba. Cewa ta yi, "Yaya, maganin nan aikinshi ya sauke suga. In mutum bai ci abinci ba, zai sauke shi har ƙasa. Hawan yana kisa a hankali, faɗuwar tana kisa nan take."

To kin ji abu na farko. Yunwa ba magani ba ce. Abin da kike yi yanzu, na ƙin cin abinci, shi ne abin da na sa Babanki ya yi, kuma kin ji inda ya kai mu. Ki ci abinci sau uku, ki rage yawa, ki ƙara ganye da wake da kifi. In likitan can ya ɗora ki a kan magani, kada ki sha shi da ciki wayam. Ki riƙa ajiye 'yan ƙwayoyin sukari ko dabino a jakarki, ba don kwaɗayi ba, don ranar da za ki ji jiri da rawar jiki.

Goggo Asabe ce dai ta ce mani in nemo wa Malam wani abu mai ɗan zaƙi wanda za a iya aunawa, don mutumin da ya shekara hamsin yana shan zaƙi ba a yanke mashi rana ɗaya. Na yi ta tunani. Lokacin gwaiba ne, masu lambu suna ta shigowa da ita gari a kwanduna. Sai na tuna da wata malamarmu ta koyon girki a makarantar 'yan mata, mutuniyar Jos, wadda ta koya mana yin jam irin tataccen nan mai sheƙi. A dafa 'ya'yan itace, a tace ruwan da ƙyalle mai tsabta, a auna kofin ruwa da kofin sukari daidai wa daida, a mayar a wuta har ya kama jikinshi. Na ce a raina, in na rage sukarin zuwa rabi ko ƙasa da haka, ai Malam ya samu abin shafawa a burodi.

Na farko da na yi bai kama ba. Na zaɓo gwaiba wadda ta nuna luɓus, a tunanina zaƙinta zai maye gurbin sukarin da na rage. Na dafa, na tace, na yi ta juyawa har hannuna ya gaji, abu ya ƙi yin kauri. Da na kai wa Malam ya karkata kwalbar ya ga yana gudu, sai ya tambaye ni ko da ludayi ake shan wannan kunun gwaibar. Rabon da in ji ya yi wasa tun kafin ciwon, don haka ban ji haushi ba, dariya muka yi tare. Amma ya shanye shi, wannan ya ƙarfafa mani gwiwa.

A hankali na gane cewa abin da ke sa jam ya kama yana cikin gwaibar da ba ta gama nuna ba, a ɓawonta da wajen 'ya'yanta. Sai na riƙa haɗawa, nunanna don ƙamshi, mai ɗan tauri don kauri, in yanka su da ɓawonsu, in matsa lemun tsami a ciki. In kina so ki san ko ya yi, ki ɗiga kaɗan a kan faranti mai sanyi, ki jira ya huce, ki tura da yatsa. In ya tattare, ki sauke. Kada ki sa ran zai tsaya ƙyam kamar na kanti. Mai ƙarancin sukari kullum yana da ɗan laushi, kuma ba aibi ba ne.

Da na ga na iya, sai zumuɗi ya ɗebe ni. Na sayo gwaiba kwando guda, na cika kwalabe, na jera su a saman kabad ina kallo ina jin daɗi, ina cewa mun huta har gwaibar baɗi. Malamar nan tamu ta ce jam yana wata da watanni bai lalace ba, kuma gaskiya ta faɗa, amma nata mai cikakken sukari take nufi. Ba a daɗe ba na buɗe kwalba na ga funfuna ta yi fari fat a sama. Na buɗe ta biyu, haka. Raina bai so zubarwa ba, har na ɗauki cokali zan kwashe saman in bar na ƙasan, Goggo Asabe ta ce kada in kuskura, abin da ido ya gani a sama ya riga ya ratsa har ƙasa. Haka na kwashe su duka na zubar, ina jin kamar in yi kuka saboda wahalar da na sha a gaban murhu.

Ashe sukarin nan mai yawa shi ne mai gadin jam. In kin rage shi, kin rage mashi kwana. Saboda haka ki riƙa yin kaɗan, wanda za ki cinye cikin 'yan makonni. Ki tafasa kwalbar da murfinta, ki bar su su bushe da kansu, ki zuba jam ɗin da zafinshi. In ya huce ki sa a firij. Na san can ma ana ɗauke wuta kamar nan, to in aka daɗe ba a kawo ba, kada ki yarda da shi sai kin duba kin sansana. Cokali busasshe mai tsabta kaɗai za ki riƙa sawa a ciki, kada wanda ya taɓa baki ko burodi ya koma. In kin yi shakka, zubar. Ba a kan jam kaɗai nake faɗa maki wannan ba. Duk abin da kika sassauta wa tsaro, dole ki ƙara sa mashi ido.

Sai kuma maganar zuma. A wani gidan biki wata dattijuwa ta ja ni gefe ta ce ta ji abin da ya samu Malam, ta ce in bar sukarin bature kwata-kwata in koma zuma, ita ba ta yi wa mai ciwon suga komai, magani ma ce. Maganar ta yi mani daɗi, don irin wadda nake so in ji ce. Na sayo zuma mai kyau wajen Fulanin da ke kawo mana nono, na riƙa zubawa a jam ba aune, har a kunu. Malam ya yi ta santi. Da lokacin gwaji ya zo, suga ya hau fiye da inda muka baro shi. Likita ya tambayi me aka canza, na faɗa mashi da ƙarfin gwiwata, ina jiran yabo. Ya yi murmushi ya ce zuma abu ne mai albarka, shi ma yana sha, amma jinin mai wannan ciwo ba ya bambanta zaƙinta da na sukari. Bayan nan na gwada sakarin, sinadarin zaƙin nan da masu sayar da ƙanƙara ke sawa, na zuba tun tukunya tana kan wuta, jam ya fito da wani ɗaci a ƙarshen harshe wanda ko ni ban iya haɗiyewa ba.

Za ki haɗu da masu ba da magani da yawa, Ummi. A ofis, a mota, a gidan suna, kowa yana da ganye ko saiwar da ta warkar da ƙanin kakarshi. Yawancinsu don ƙauna suke faɗa. Ki yi godiya, ki ce Allah ya saka, amma kada ki sa komai a bakinki, kada kuma ki ajiye maganin asibiti, sai kin tambayi likitanki.

Kuskuren da ya fi daɗewa tare da ni shi ne wanda ya fi kama da gaskiya. Na ɗauka tun da gwaiba ce, kuma kowa ya san gwaiba tana da amfani a jiki, ga shi na rage sukari, to jam ɗina ya zama abincin gina jiki, ko nawa aka ci ba laifi. Malam ma haka ya ɗauka, ko kuma haka ya ga dama ya ɗauka. Sai ya yanka burodi manya manya, ya lafta, ya ƙara. Kwalba ba ta kwana uku. Wata safiya Goggo Asabe ta tarar da shi a kan haka. Sai ta biyo ni kicin, ta tarar ina tata, ga tulin tsakin gwaiba a ƙyalle. Ta tambaye ni ina nake kai shi. Na ce akuya nake zuba wa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce shi ya sa akuyar gidan nan ta fi kowa sheƙi, ita ke cin amfanin, Yaya yana shan ruwan.

Nan ta zauna a kan turmi ta warware mani abin da ke cikin cokali ɗaya na jam ɗina, kuma shi nake so ki riƙe. Ta ce mafi yawanshi ruwa ne da zaƙi. Zaƙin kuma iri biyu ne, wanda na zuba da hannuna, da wanda Allah ya halitta a cikin gwaibar, wanda dafuwa ta ƙafe ruwan ta tattara shi wuri ɗaya. Ragewar da na yi ta rage na farkon ne kawai, na biyun yana nan. Ta ce sinadarin nan da ake yabon gwaiba saboda shi, mai ƙarfafa jiki ya kare shi daga mura, ba ya jure wuta, yawancinshi yana tafiya wajen tafasa. Tsakin da ke sa ciki ya yi aiki, ya kuma hana zaƙi rugawa cikin jini, shi ne na tace na ba akuya. Abin gina tsoka irin na wake da nama da ƙwai kuwa babu shi a ciki, maiƙo ma babu. Ta ƙara da cewa burodin da ake shafa wa ma, in ya yi yawa, ya fi jam ɗin tayar da suga, don yana shiga ciki yake narkewa ya koma zaƙi.

Na ce to in haka ne me ya rage, in daina yi mana. Ta ce a'a. Ta ce cokalin nawa ya fi na kanti sauƙi nesa ba kusa ba, kuma na san abin da ke ciki tun da ni na zuba. "Ki dai daina ɗora mashi aikin da ba nashi ba," in ji ta. "Ba abinci ba ne, ba magani ba ne. Aikinshi ya faranta wa baki, don mutum ya samu ya ci abincin kirkin da ke gefe."

Daga ranar na canza hannu. Na daina tacewa da ƙyalle, na koma murza dafaffiyar gwaibar a rariya, 'ya'yan kaɗai nake fitarwa, naman duk ya shiga tukunya. Sheƙin ya ragu, amma ya fi kauri, ya fi ƙamshi, bai kuma buƙatar daɗewa a wuta. Sukarin na ƙara ragewa kaɗan kaɗan, har bakin Malam ya saba bai lura ba. Karin kumallonshi ya zama yanka ɗaya na burodi da cokali ɗaya na jam, ga ƙosai ko dafaffen ƙwai a gefe, ga shayi ba sukari. Da la'asar in ba shi gwaiba ɗanya ya ci da ɓawonta, don a nan amfanin yake. In ba lokacinta ba ne nakan yi da mangwaro mai ɗan tsami, ko da zoɓo, amma shi zoɓo yana son a ɗan ƙara mashi haƙuri kafin ya kama. Wannan shi ne karin kumallon da kika saba gani in kin zo hutu, har kina cewa Baba ya fi kowa gata.

Akwai wani abu kuma da ba na tukunya ba ne. Tsoron da na ji ranar zauren nan bai sake ni da wuri ba, sai ya mayar da ni 'yar sanda a kan Malam. Ina ƙirga lomarshi, ina bincika aljihunshi in ya dawo daga masallaci, ina hana shi zuwa ɗaurin aure don kada a ba shi lemun kwalba. Wata Sallah, abokinshi na ƙuruciya Alhaji Sule ya zo daga Ƙofar 'Yandaka, aka kai masu alkaki, Malam ya gutsiri ɗan ƙarami. Ina shigowa da ruwa na gani, na sa hannu na karɓe a gaban baƙo. Alhaji Sule ya sunkuyar da kai kamar yana gyara takalmi. Malam ya raka shi ya dawo. Sannan ya ce mani, cikin sanyin murya, "Hajiya, ciwon nan a jinina yake, bai taɓa mani hankali ba."

Na yi kwanaki ina juya maganar. Na ga cewa mutumin nan bai taɓa ƙin shan magani ba, bai taɓa ƙin zuwa gwaji ba, shi da kanshi ya fara takawa daga nan har Ƙofar Sauri ya dawo kullum bayan sallar asuba. Me ya sa nake yi mashi kamar yaro? Na ba shi haƙuri, na kuma sakar mashi ragamar bakinshi. Abin mamaki, tun da na daina tsaro sai ya fi ni tsanani a kan kanshi.

Kin tuna ranar zaɓen nan na bana, da aka ce soja za su koma bariki? Ke kina wajen Goggo Asabe ranar. Malam ya tashi da wuri ya sa farar rigarshi, ya ce ya daɗe bai jefa ƙuri'a ba, yau ko rana za ta narka shi sai ya jefa. Da a da ne, da na tare ƙofa, in ce layi zai yi tsawo, zai yi jiri, wa zai kula da shi. Ranar kuwa sai na ga ya shiga kicin ya yanki burodi, ya shafa jam ɗinshi daidai yadda ya saba, ya naɗe a takarda ya sa a aljihu tare da gorar ruwa. Muka tafi tare, shi a layin maza ni a na mata. Daga inda nake ina hango shi yana gardamar siyasa da tsofaffin abokan aikinshi. Da rana ta take ya fito da ƙunshinshi ya ci a tsaye, har ya gutsura wa na bayanshi. Muka dawo da shuɗin tawada a babban yatsa, yana ta ba ni labarin zaɓen da ya yi yana saurayi. A ranar na tabbata mun wuce wurin.

Don haka kada ki zama 'yar sandar kanki, kada kuma ki ɓoye abin kamar wani abin kunya. Ofisoshin nan na sababbin 'yan siyasa na ji an ce kullum taro ne, kullum ana raba lemun kwalba da kek. Ki faɗa wa wadda kuke zama tare a ofis cewa kina da suga, don ta san abin yi in ta ga kin canza. In an miƙo maki lemo ki ce ruwa ya ishe ki, ba sai kin yi dogon bayani ba. In kuma wata rana an yi biki kin gutsiri wani abu, kada ki kwana kina zargin kanki, ki rage a abinci na gaba, ki taka da ƙafa. Duk wanda zai zo neman aurenki, ki gaya mashi tun da wuri. Wanda wannan zai kora, gara ya tafi tun ba a yi nisa ba.

Shekaranjiya da la'asar na ɗora tukunya don in yi maki wanda zan aiko. Ina cikin juyawa sai na ji mutum a bakin ƙofa. Babanki ne. Ya tambaye ni ko na Ummi ne. Na ce eh. Sai ya naɗe hannun riga ya ce in ba shi muciyar. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ya juya tukunya ba. Na ba shi, na koma gefe. Yana juyawa yana kallon cikin tukunyar ya ce mani ranar da ya je gwaji ya tambayi likita ko shi ne ya ba ki ciwon nan. Likita ya ce mashi yana bin jini, amma ba laifin kowa ba ne, kuma wanda aka gano nashi da wuri kamar ke ya yi sa'a. Babanki ya ce duk da haka abin ya tsaya mashi a rai, shi ya sa ranar tafiyarki ya kasa raka ki tasha, ya fake da cewa yana da baƙo.

Na ce mashi ina rubuta maki takarda, ko yana da saƙo. Ya ci gaba da juyawa, jam yana ta fallatsa mashi a gaban riga. Can ya ce, "Ki ce mata ta dube ni. Ina ci, ina sha, ina zuwa inda nake so da ƙafata. Ki ce mata ta ci abinci."

Kwalbar da direban motar Abuja zai ba ki tare da wannan takarda, girkinshi ce. Ya bar ta a wuta ta ɗan wuce, ta yi kauri fiye da yadda nake yi, har da ɗan ƙamshin ƙauri a ƙasa. Ban gyara ba. Gobe da safe ki yanka burodi, ki shafa cokali ɗaya, ki dafa ƙwai, ki zauna ki ci a natse. In kin ci, ki aiko mashi ya ji.

Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya sa wannan ciwo ya zame maki mai sauƙi kamar yadda ya zame wa mahaifinki. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya sa albarka a aikinki, ya zaunar da ƙasar nan lafiya a hannun waɗanda suka karɓa. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki girmama Yayanku da matarshi, ki shafa mani kan yaran. Na bar ki a hannun Allah, wanda ajiyarshi ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Ni ce mahaifiyarki.